Jirgin Baba da Idon Auta

Akwai wani dattijo mai gyaran rediyo da 'yan unguwa ke kira Baba Matuƙi, ko da yake bai taɓa shiga jirgin sama ba. Sunan ya samo asali ne daga ƙananan jiragen da yake ƙerawa a ɗakin bayan gidansa. Zai yanka katako mara nauyi, ya goge shi har ya yi santsi, ya haɗa fukafukai da gam, ya ɗaura ɗan inji da farfela. Ranar hutu sai ya tafi wani fili a bayan gari, inda masu irin wannan sha'awa ke taruwa, ya riƙe rimot ya sa jirgin ya yi alkafura a sama, ya mirgina, ya yi tafiya a rigingine.

Tun da matarsa ta rasu, wannan ɗaki ne abokin hirarsa. 'Ya'yansa biyu ne: babban ɗansa ma'aikacin ofis, wanda ake kira Yaya, sai Auta, tela ce, tana aure a layin bayansu. Ita ke kawo masa abinci, kullum tana mitar ƙurar katako da warin gam.

Sai idon Baba ya fara rauni. Likita ya ce a yi ta magani, amma ganin ba zai dawo kamar da ba. Baba ya ɓoye wa abokansa na fili. Wata rana jirgi yana sama, ya kasa bambance cikinsa da bayansa. Ya ja rimot don ya ɗaga shi, ashe a kife yake. Jirgin ya sulmiyo ya tarwatse dab da wata mata mai goyo. Allah ya tsare, ba wanda ya ji ciwo.

Da labari ya kai ga Yaya, ya zo da kwaɗo ya rufe ɗakin.

"Baba, ka yi haƙuri, wannan wasan ya ƙare. Yau Allah ya kiyaye, gobe fa?"

Baba ya dubi Auta. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Gaskiyar Yaya ce, Baba."

Bai yi musu ba. Ya ce, "To, Allah ya yi muku albarka."

Daga nan Baba ya koma zaman kujera a bakin ƙofa. Ba ya faɗa, ba ya ƙorafi. Amma kwanon da Auta ta kawo da rana, haka take ɗaukarsa da yamma, an ɗan taɓa gefe ɗaya. Rigarsa ta fara yi masa yawa, ita da ta ɗinka ta ta fi kowa sani.

Wata yamma ta shigo ba ta yi sallama da ƙarfi ba, ta same shi ido a rufe. Hannayensa suna kan cinya, manyan yatsunsa biyu suna motsi a hankali, ɗaya sama, ɗaya gefe. Babu komai a hannun. Ta tsaya tana kallo har hawaye ya cika mata ido, ta ajiye kwano ta fita.

Washegari ta je ofishin Yaya ta ce ya ba ta makullin.

"Kin manta matar nan mai goyo?"

"Ban manta ba, Yaya. Ba shi zai tuƙa ba. Ni zan koya."

Yaya ya yi dariya. "Ke da ko keke kin kasa?" Amma ya miƙa mata.

Da ta buɗe ɗakin ta kamo hannun Baba, sai ya tsaya a bakin ƙofa yana shaƙar warin gam. Ya ce, "An ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ni yanzu rimin ma ba na hangowa, Auta. Me zan yi a nan?"

"Hannunka ai bai makance ba. Ka ƙera, ni in zama ido."

Aikin bai zo da sauƙi ba. Baba malami ne mai tsanani. Zai shafa fiffiken da ta yini tana gogewa ya ce, "Nan akwai tudu, sake." Ta manne yatsunta da gam ya fi a ƙirga. Jirgin farko da ta tayar a fili, da taimakon wani tsohon abokin Baba, bai wuce tsayin mutum ba ya dawo da hanci. Na biyu ya maƙale a bishiya. Ranar ta koma gida ta ce wa mijinta ta haƙura.

Mijin ya ce, "Haƙura mana. Amma ɗazu na wuce na ji Baba yana waƙa a ɗakin nan."

Da safe ta koma.

Watanni suka shuɗe, hannun Auta ya faɗa. Sannan suka ƙera wani babba, irin na da, mai dogon jiki da fiffike a ƙasa. Auta ta rufe samansa da ja, cikinsa da fari tas. Abokin Baba ya haɗa musu rimot biyu da waya ɗaya: muddin ta danne wani maɓalli, tuƙi yana hannun na kusa da ita, in ta saki ya dawo hannunta nan take.

Ranar gwaji ta gayyaci Yaya. Ya zo cikin fararen kaya, ya tsaya can nesa ya harɗe hannu.

Auta ta tayar da jirgin, ta kai shi sama sosai, nesa da mutane. Sannan ta ce, "Baba, karɓi."

"A'a, Auta. Alkawari kika yi wa yayanki."

Ta waiwaya. Yaya ya dubi mahaifinsa, sannan ya gyaɗa kai.

"Ya yarda. Ina riƙe da kai, in ka kauce zan karɓa."

Baba ya kama rimot. Ita kuma ta shiga faɗa masa a hankali: "Yana tafiya daidai. Ɗan karkata dama. Ya isa. Yana gabanka yanzu, fari nake gani."

Baba ya kasa kunne ga kukan injin. Ya ƙara wuta, ya ja a hankali. Jirgin ya miƙe sama, ya kwanta da baya, jan ya bayyana, ya zagayo ya dawo inda ya fara. Alkafura cikakkiya, ba karkata.

"Ya fita?" in ji Baba.

Auta ta ce, "Kamar an zana da kwano, Baba."

Ta karɓa ta saukar da shi a kan ciyawa. Kafin kowa ya motsa, sai ga Yaya da gudu, fararen kaya da komai, ya je ya ɗauko jirgin ya rungumo shi, man inji yana ɗiga a rigarsa.

Ya tsaya gaban mahaifinsa ya ce, "Baba, ni ma za a koya mini?"

Baba ya goge idonsa da hannun riga. "Ni ai na yi ritaya. Ka je ka gaishe da malamarka, in ta ga dama ta ɗauke ka."

Darasi: Abin da kake gani wasa ne a hannun tsohonka, wataƙila shi ke riƙe da ransa. Kare iyaye daga haɗari wajibi ne, amma rufe ƙofa ya fi sauƙi a kan zama kusa da su. In ƙarfinsu ya ragu, kada ka ƙwace musu abin da suke so, ka ara musu idonka da haƙurinka. Ku tura wa duk wanda Allah ya bar masa uwa ko uba a raye, ko ya tuna ya leƙa su yau.