Layi Ɗaya a Littafin Rijiyoyi

Ku gyara zama, ina da shari'ar da nake so ku yanke, amma sai kun ji ta har ƙarshe.

Malam Isiyaku tsohon sufeton makarantu ne. Da ya yi ritaya, ya shekara goma sha ɗaya yana rubuta tarihin rijiyoyin garinsu: wanda ya haƙa kowace, wadda ruwanta ke da zartsi, wadda ta ƙafe shekarar fari. Yawancin tsofaffin da suka ba shi labari sun rasu. Littafin yana cikin kwamfutarsa, kwafi ɗaya tak. Ya taɓa ajiye biyu, ya yi wata guda yana gyara tsohon a maimakon sabon, tun daga ranar ya hana a kwafa. In 'ya'yansa sun yi magana, sai ya ce ya duba makarantu arba'in ba da shawararsu ba.

'Ya'yan nan mata ne su uku, Suwaiba da Ramlatu da Zulai, kuma duk kwamfuta suka karanta. Su suka sa wa gidan wata 'yar na'ura da suke kira mai gadi. Waya ko kwamfuta sunan shafi kawai ta sani, sai ta tambaya a ba ta adireshinsa kafin ta je. Mai gadi ne ke amsa wannan tambaya, kuma an ba shi jerin sunayen miyagun wurare da ba zai nuna hanyarsu ba.

Washegarin Sallah gida ya cika da jikoki da surukai, waya kusan talatin. Bayan azahar Suwaiba ta leƙa mai gadi, ta ga wata na'ura a cikin gidan tana ta tambayar wani suna da aka sani da muguwar manhaja, irin wadda da zarar ta isa ga ubangidanta sai ta karɓo mabuɗi ta kulle duk rubutun da ke cikin na'urar. Wace na'ura ce, ba a sani ba, domin duk tambayoyin ta akwatin intanet na falo suke biyowa, mai gadi fuska ɗaya yake gani. Kashe intanet kuma ba magani ba ne, mai cutar zai tafi da ita ta ƙarasa aikinta a wani wuri.

Suwaiba ce tun bara ta koya wa mai gadi amsa ta farko: in an tambayi mugun suna, ya ce babu mai wannan suna a duniya. Da wannan amsa aka yi ta mayar da manhajar tun safe, ana cin tuwo ba wanda ya sani. Ba don haka ba, da an kulle komai kafin a sauke miya.

Sai dai manhajar ba ta da zuciya. Da aka ce mata babu, sai ta koma ƙirƙiro sababbin sunaye, ɗaruruwa a jere, ko za ta dace da wanda ubangidanta ya tanada, wanda ba ya cikin jerin. Ramlatu ta ga saurin amsar ne ke taimakonta. Ta ce wa mai gadi duk sunan da bai saba da shi ba, ya yi shiru. Manhajar ta riƙa tambaya tana jira, tana jira har ta gaji, sannan ta gwada na gaba. Abin da za ta yi a minti guda ya koma na awa. Jikoki suka fara ƙorafin wayoyinsu sun yi nauyi, Ramlatu ta ce su je su ci nama.

A lokacin Malam ya shimfiɗa tabarma, ya tara wayoyin jikoki a kai don ya gano mai cutar, yana yi musu tambayoyi ɗaya bayan ɗaya kamar ya zo duba aji.

Zulai, autarsu, ta ce shiru yana jinkirta ɓarawo amma ba ya nuna fuskarsa. Ta sa mai gadi ya amsa, amma ya ba da adireshin wata tsohuwar kwamfuta da ke ɗakinta. Manhajar ta ɗauka ta sami gida, ta tafi kai tsaye ta ƙwanƙwasa, sunan na'urar da take ciki ya fito ɓaro-ɓaro. Zulai ta fito tsakar gida ta durƙusa.

"Baba, a mayar wa yara wayoyinsu. Kwamfutarka ce."

"Ni ba na shiga intanet," in ji Malam.

"Kai ba ka shiga, Baba. Ita tana shiga."

Ashe filashi, ɗan ma'ajin da ake soka wa kwamfuta, wanda ya kai shagon hoto don a sa masa hotunan rijiyoyi, shi ne ya kwaso manhajar, kuma gobe ya yi niyyar kai kwamfutar maɗaba'a, inda babu mai gadi. Suka raba ta da intanet, suka kwashe littafin, suka wanke ta. Ko shafi ɗaya bai ɓata ba. Malam ya ce a yi kwafi uku, amma kada wanda ya nuna masa su.

A shafin sadaukarwa ya bar layi ɗaya don sunan wadda ta ceci littafin. Matarsa, Inna Habi, ta ce ya rubuta duka ukun a huta. Ya ce a duk shekarunsa na aiki bai taɓa ganin ajin da mutum uku suka zo na ɗaya ba.

Suwaiba ta ce ba don amsarta ba, da ƙannenta sun tarar an gama. Ramlatu ta ce lokacin da Zulai ta yi tunani a cikinsa, shirunta ne ya samar da shi. Zulai ta ce yayyenta sun tsare ƙofar yini ɗaya ne, gobe da Baba da kansa zai fita da ɓarawon a jaka.

Maɗaba'a na jira, layin kuma har yanzu fari ne. To ku, sunan wace ce a cikinsu ya kamata Malam ya rubuta?