Ranar da Barmo Ya Hau Dutsen Zakaru

To jama'a, ku gyara zama. Wannan labari ba na saurare kawai ba ne, in na kai ƙarshe ku ne alƙalai.

A wani gari da ke gindin Dutsen Zakaru an yi wani mai gyaran rediyo ana ce masa Barmo. Cutar shan inna ta kama shi tun yana ɗan shekara uku, daga nan bai sake tsayawa da ƙafarsa ba. Shekara arba'in yana kallon dutsen nan daga bakin shagonsa. Duk wanda ya hau ya sauko sai ya zo masa da labarin tafkin da ke can sama, ruwa garai-garai mai sanyin randa, da yadda ake hango garuruwa bakwai daga bakinsa. Barmo ya gaji da jin labari. Wata rana ya ce wa abokansa biyu, Lawandi mai walda da Tunau maharbi, shi fa sai ya ga tafkin nan da idonsa.

Tunau ya ce, "Barmo, masu ƙafa ma da ƙyar suke kaiwa."

Barmo ya ce, "Ai shi ya sa na gaya muku ku biyu, ban gaya wa kasuwa ba."

Lawandi kuwa sai ya tsuguna yana duba keken guragun da Barmo ke kai. Sati uku ya yi yana ƙera wani sabo, da tayoyin babur da birki mai ƙarfi da ƙugiyar ɗaura igiya. Tunau kuwa ya yi ta hawa yana saukowa har ya gano tsohuwar hanyar shanu da ta zagaya ta bayan dutsen, doguwa amma ba ta da tsayin da zai gagari keke.

Ranar Asabar da hantsi suka kama hanya. Barmo na murza tayoyi, Tunau na ja da igiya ta gaba, Lawandi na tokarewa ta baya. Inda keke ya ƙi, Barmo ya sauka ya ja jiki da hannu, su kuma su ɗago keken. Kafin azahar suka isa. Barmo ya tsoma hannunsa cikin tafkin, ya wanke fuska, ya ɗaga kai ya ga garinsu ya koma kamar faifai.

A hanyar saukowa ne Barmo ya kama birki ya ce su tsaya. "Akwai mutum a nan."

Tunau ya kasa kunne, ya ce iska ce, ga kuma hadari na haɗuwa a gabas, su yi sauri. Barmo ya ƙi motsi. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana kama murya cikin shuuu ɗin rediyo ba ya rikita nishi da iska. Ya juya keken da kansa, ya bi sautin ta cikin ciyawa har bakin wani tsagin dutse mai zurfin gaba huɗu. Can ƙasa ga wani dattijo makiyayi, Baffa Giɗaɗo, kwance da karyayyiyar ƙafa. Tun jiya ya faɗa yana neman ɗan maraƙinsa, muryarsa duk ta dushe.

Tunau ya leƙa, ya ga macijiya kasa naɗe a kan wani tudu kusa da kan dattijon. Bai faɗa wa kowa ba, don kada tsohon ya firgita ya motsa. Ya ɗaura igiya a ƙugunsa ya sauka a hankali, ya danne kan macijiyar da sanda mai baki biyu ya gama da ita. Sannan ya ɗaure ƙafar da karare da rawanin mai ita, ya zarga masa igiya a ƙirji.

Amma da aka gwada ja, sai bakin dutsen ya fara cin igiyar. Lawandi ya ga in aka ƙara ja biyu za ta tsinke. Ya sauke Barmo ƙasa, ya kwance taya ɗaya, ya ɓare robar, ya zura wani kakkauran reshe a tsakiyar gargaren ya gitta shi a bakin tsagin, ya ɗora igiyar cikin kwarin ƙarfen. Ya kwanta ya danne reshen da dukan nauyinsa don kada ya zame.

Saura mai ja, kuma Barmo kaɗai ya rage. Ya tokara bayansa da dutse, ya naɗe igiyar a damtsen da suka shekara arba'in suna ɗaukarsa, ya fara ja. Tafin hannunsa ya sale, jini na bin igiya, bai saki ba har kan dattijon ya ɓullo. Sannan ya jawo Tunau.

Lawandi ya mai da taya ya buga mata iska. Suka dubi keke ɗaya, suka dubi mutum biyu da ba sa iya tafiya.

Barmo ya ce, "Ku ɗora Baffa. Ni na saba da zama, ku dawo ku same ni."

Suka jingina shi a ƙarƙashin wata inuwar dutse suka tafi. Ruwa ya sauko ya same shi a nan shi kaɗai, yana jin sanyi yana kallon hanya, yana tunanin ko birkin zai riƙe a kan santsi. Ruwa ya ɗauke, rana ta yi ja, sai ya ji ƙarar tayoyi a kan tsakuwa da muryar Lawandi tana kiran sunansa. Ya tambaya tun kafin su iso, "Ya kai?"

"Ya kai, yana hannun mai ɗori, har ya sha kunu."

Barmo ya sauke ajiyar zuciya, ya rufe fuska da tafukansa masu ciwo, ya yi ta faɗin alhamdulillahi. Sai bayan isha'i suka isa gida.

Bayan wata biyu Baffa Giɗaɗo ya zo gari yana dogara sanda, yana jaye da karsana mai jar fata. Ya ɗaure ta a ƙofar mai gari ya ce, "Ranka ya daɗe, ina cikin ramin nan na yi alkawari, wanda ya ceci raina wannan tasa ce. Ba ta yanka ba ce, ba ta rabawa ba ce, ta kiwo ce, mutum ɗaya zai riƙe ta."

Mai gari ya shiga auna maganar. Ba don Barmo ba, da babu wanda ya hau dutsen ran nan, balle ya ji nishin, ya ja igiya, ya ba da kekensa. Ba don Tunau ba, da ba a san hanya ba, kuma da macijiya ta riga kowa. Ba don Lawandi ba, da igiya ta tsinke, da kuma babu keken da zai sauko da tsohon da rai.

To, ku da kuka ji, wa za a miƙa wa igiyar karsanar nan?