Dubiyar Nomau

Wata rana Nomau mai facin taya ya yanke jiki ya faɗi a bakin kasuwa, aka kwashe shi sai asibitin kuɗi. Yana farfaɗowa ya ga mai asibitin tsaye a kansa.

"Kuɗinka dubu casa'in. Ba ka fita sai ka biya."

Nomau ya ce, "Ranka ya daɗe, ni da mai ƙosai ma ba ta ba ni bashi, kai ka ba ni ina sume? To, na warke ko da saura?"

"Ka warke."

"Ashe sai sallama."

"A'a, da saura!"

"Madalla. Bari in aika ƙauyenmu a zo dubiya. Mu ba mu iya gudummawa ba, amma ba ma tashi sai an sallami majiyyaci."

Washegari mota ta sauke tsofaffi da tabarmi da tukwane. Wata har ta hura wuta a ƙofar ɗakin tiyata.

Mai asibitin ya raɗa wa Nomau, "Sun ƙare ke nan?"

"Ina! Waɗannan dangin uwa ne kawai."

"Tashi, ka warke garau. Ga kuɗin mota, kwashe su!"