Huɗu a Ƙasa, Uku a Sama

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta.

To ku matso, kai Ɗanjuma bar tsokanar wutar nan.

An yi wata Kura a shekarar fari, 'ya'yanta duk sun mutu sai guda ɗaya, Barmo. Wata rana ƙishirwa ta kai Barmo bakin tsohuwar rijiya, ya leƙa, ƙasa ta zame, sai ji kake tim! Zurfin rijiyar gaba huɗu. Bakinta kuwa zubewa yake, ba a tsayawa kusa, sai dai a ɗaura igiya a reshen gawo da ya ratso samanta, gaba uku daga ƙasa.

Kura ta sheƙo da igiyarta ta fata, gaba bakwai cif. Sai ga Dila, yunwa ta ci shi har ta gaji. Ya ga fata, miyau ya tsinke.

Ya ce, "Haba Kura, doguwar igiya ai shaƙe yaro za ta yi. Bari in lissafa miki. Huɗu a ƙasa, uku a sama. Ta sama ta cinye ta ƙasa, saura ɗaya."

Barmo ya yi kira, "Inna, ciro ni!"

Uwa hankali ya tashi, ta ce, "Yanke, Malam Dila."

Ya yanke biyu, ya lanƙwame.

"Inna, ciro ni!"

Ya yanke biyu, ya lanƙwame.

"Inna..."

Ya yanke biyu, ya lanƙwame, la'ananne ko kunya babu.

Kura ta ɗaura gaba ɗayan a reshe. Igiya na reto a iska, ko bakin rijiya ba ta kai ba. Wayyo! Ashe daga reshe zuwa gindi haɗawa ake yi, uku da huɗu bakwai. Ta kira Barmo har muryarta ta dushe, shiru, yaro ya mutu.

Ba ta yi kuka ba. Ta damƙi Dila, ciki ya yi nauyi ya kasa gudu, ta wurga shi rijiya.

Ya ce, "Kura, ciro ni!"

Ta ce, "Bari in lissafa maka."

Ta juya baya ta dinga tura ƙasa, tana turawa, har ta zuba gaba uku a kansa da gawar ɗanta. Ta leƙa ramin da ya rage, ta ce, "Huɗu a ƙasa, na zuba uku. Yanzu ka yi gaskiya, saura ɗaya."

Yara, in mai lissafi yana lashe baki, ku sake ƙirgawa da kanku.

Kurunkus! Tatsuniya ta shige ramin Dila, ba ta fito ba.