Hular Ista da Takardar Kotu

Akwai wata mata a birnin Memphis na Amurka mai suna Latrice, wadda ta shekara goma sha huɗu tana kula da tsofaffi a wani gidan jinya. Ƙanwarta Deneen lauya ce. Uwa ɗaya uba ɗaya, amma Latrice ko sunanta ba ta son ji.

Ni da na zauna unguwarsu ba zan ce ba ta da dalili ba. Duk Lahadi sai fasto ya ce, "Lauyarmu ta iso!" coci ya ɗauki tafi. Ita kuwa da take yi wa iyayen mutane wanka, ko kallo ba ta ishe su ba. Abin yana cin ta sosai.

Da bikin Ista ya matso, lokacin da matan coci ke gasar hula, Latrice ta ji Deneen ta yo odar tata daga Atlanta. Zuciya ta ɗebe ta. Ta shiga wani babban kanti, ta je wurin na'urar da mai saye ke biya da kansa, ta biya kuɗin safa, hula da jaka kuwa ta zura su a leda.

A bakin ƙofa mai gadi ya tare ta. Ɗan sanda ya zo, bai sa mata ankwa ba, takarda kawai ya ba ta mai ɗauke da ranar zuwa kotu.

Ƙawarta Shondra ta ce, "Ke, kira Deneen mana."

"Allah ya kiyaye! In kai mata kaina a faranti? Ai sai ta ƙara tsawo."

Bayan sati biyu kantin ya aiko wasiƙa yana neman diyya. Latrice ta biya, ta ɗauka magana ta mutu, kamar tarar ajiye mota a inda aka hana. Ranar kotu ta zo ta wuce tana wurin aiki.

Sai ga wata wasiƙar. Alƙali ya ba da izinin kama ta saboda ƙin zuwa. Kantin kuma ya binciko hotunan kyamara, ya ga ta taɓa yin irin wannan satar sau biyu a baya. Idan aka haɗa kayan duka, tuhumar za ta iya zama babban laifi, kuma mai babban laifi ba a barin sa kusa da tsofaffi. Aikinta ke nan zai tafi.

A ranar ta kira ƙanwarta.

Deneen ta saurara har ƙarshe, ta ce, "Yaya, diyyar kanti daban, kotu daban! Da tun ranar kika kira ni, da abin bai kai nan ba. Kada ki ƙara yi wa kowa bayani. Gobe da safe tare za mu je."

Ta kai ta da ƙafarta gaban alƙali, aka janye izinin kamun. Ta yi ta zarya wurin mai gabatar da ƙara har ya yarda a bar tuhumar a ƙaramin laifi, Latrice ta yi wa al'umma aiki kyauta na wata shida, idan ta kammala lafiya a share tuhumar. Alƙali ya ce, "Madam, kin yi dacen ƙanwa."

Ku ji halin ɗan Adam: har wannan yabon sai da ya soki Latrice. A kan matakalar kotu ta ce, "To, kin sake cin tafi. Hankalinki ya kwanta?"

Deneen ta tsaya tana kallon ta. "Tafi? Yaya, Mama ba ta kira na sai wata takardar hukuma ta zo mata. Ranar da ta faɗi a banɗaki, wa ta kira in ba ke ba? Ni sai bayan kwana uku na ji, a bakin maƙwabciya. Shekara nawa ina ƙyashinki, ke kina can kina sata don ki yi kama da ni."

Latrice ta zauna a kan matakalar ta fashe da kuka, a gaban kowa.

Darasi: Hassada tana rufe maka ido daga abin da kake da shi, ta kuma hana ka neman taimako a lokacin da zai yi amfani. Idan takardar kotu ta zo, nemi lauya tun ranar, ko da wanda kake ƙyashi ne. Ku tura wa 'yan'uwa, wataƙila wani yana ɓoye tasa takardar yanzu haka.