Dokin Da Marigayi Ya Bari

Akwai wata mata a wani ƙauye da ke kan duwatsun Mokhotlong, can wata ƙasa mai nisa da tsananin sanyi, ana kiranta Malineo. Mijinta ya rasu ana cikin girbin masara, ya bar mata tumaki goma sha biyu, jaki ɗaya, da wani jan doki mai suna Sefako. Da dokin nan ake ɗauko gari daga injin niƙa, da shi ake zuwa asibiti, don mota ba ta hawa ƙauyensu.

Bayan an gama zaman makoki dangi suka taru. Ƙanin marigayin, Mokete, shi ya fara magana. Mutum ne mai ji da kansa, yana da wani baƙin ingarma da ya ci tsere sau biyu.

"Matar yaya, ki ba ni dokin nan tun kafin sanyi ya shigo," in ji shi. "Riƙon doki ba tuƙin tuwo ba ne. Kafin ƙanƙara ta narke za ki mayar da shi ƙashi da fata."

Maza suka yi dariya. Malineo ta gyara bargonta, ta kira shi da lakabin girmama maza na yarensu, ta ce, "Ntate Mokete, shekara ashirin da uku yayanka yana hawan doki a gidan nan. Wa kake tsammani yake kai masa ruwa?"

Dattawa suka yanke cewa dokin ya zauna a hannunta har sanyi ya wuce. In ya rame, Mokete ya ɗauka.

Tun daga ranar ta ɗauki lauje. Kullum tana gangara bakin rafi ta yanko ciyawa, ta shanya, ta jibge a ɗaki tare da karan masara har sai da ƙofa ta daina rufuwa sosai.

A tsakiyar watan Yuli, lokacin da sanyi ke tsananta a can, dusar ƙanƙara ta sauko. Kwana uku tana zuba, ta binne hanya, ta binne makiyaya. Babu dabbar da ke iya fita kiwo. Kowa ya kulle dokinsa a barga.

Malineo ba ta yi haka ba. Da safe sai ta ɗauki shebur ta share wata siririyar hanya kewaye da garken tumaki, ta zuba toka don maganin santsi. Sannan ta kama ragamar Sefako su yi ta zagaye, ita a gaba shi a baya, safe da yamma. Ruwan sha sai ta ɗumama masa, don ta san doki ba ya son shan ruwan da ke fasa haƙori. Ciyawa kuwa kaɗan-kaɗan take ba shi, sau biyar a yini, don bakinsa ya riƙa motsi kamar yana kiwo. Ta kuma ɗaure jakin kusa da shi don kada kaɗaici ya dame shi.

Hannayenta suka farfashe har suna jini. Mokete kan tsaya a ƙofar gidansa yana kallo.

"Matar yaya! Rawa kuke koyo ke da dokin? Ni nawa yana ciki yana cin masara kamar sarki!"

"A gaishe da sarki," ta kan ce, ta ci gaba da zagayenta.

Ranar kwana na goma sha ɗaya da saukar ƙanƙara, da hantsi, tana cikin goge wa Sefako jiki sai ga Mokete ya faɗo gidan babu ko hula. Ya tsaya yana haki, ya kasa kallon idonta.

"Dokina... ya kwanta. Yana ta birgima yana harbin cikinsa. Malamin dabbobi ba zai iya hawowa ba, hanya a rufe take."

Malineo ta tuna dariyar da aka yi mata a gaban dangi. Ta san in ta yi zamanta babu wanda zai ga laifinta. Amma ta ajiye tsumman hannunta ta ce, "Mu je. Dokin bai yi mini komai ba."

Ta tarar da ingarman jiƙe da gumi cikin wannan sanyi, ƙafafunsa sun kumbura. Kwano cike da masara a gabansa, ruwan bokiti ya daskare ya zama dutse.

"Yaushe rabonsa da fita?"

"Tun da ƙanƙara ta sauka."

"Ruwa fa?"

Mokete ya dubi daskararren bokitin.

"Ɗauke masarar nan. Ka ce wa matarka ta ɗora ruwa a wuta. Kama nan, mu tashe shi!"

Da ƙyar suka miƙar da shi. Suka ja shi har zuwa hanyar da Malineo ta share, don babu wani wurin takawa a duk ƙauyen. Ita ke riƙe da ragama, Mokete na biye yana tare shi duk lokacin da ya nemi kwanciya. Su zagaya, su tsaya ya huta, ta miƙa masa ruwan ɗumi ya kurɓa, su sake. Maƙwabta suka fito suna kallo, amma yau babu mai dariya.

Rana ta karkata sannan dokin ya tsaya, ya ɗaga wutsiya ya yi kashi, alamar cikinsa ya saki. Mokete ya zauna daɓas a kan ƙanƙara ya rufe fuska da bargo.

"Tashi," in ji Malineo. "Gobe da safe ka zo da shebur ɗinka. Hanyar nan ta yi wa doki biyu kaɗan."

Ya kuwa zo. Ya zo washegari ma, ya ci gaba da zuwa har ƙanƙara ta narke.

Da ciyawa ta fara tsirowa dattawa suka sake zama. Malineo ta iso a kan Sefako, jikinsa na sheƙi, yana taku yana kaɗa geza. Kafin wani ya buɗe baki Mokete ya miƙe ya cire hula.

"Iyayena, babu abin dubawa. Dokin yaya yana inda ya dace. Nawa ma da ke tsaye can, ba don ita ba da tuni ungulu sun gama da shi."

Malineo ba ta sauka ba. Ta gaishe da dattawa daga kan sirdi, ta juya linzami ta nufi injin niƙa, don garin gidanta ya ƙare.

Darasi: Kada ka raina mutum don ba ka taɓa ganinsa a kan sirdi ba, wataƙila shi ne ya daɗe yana riƙe da dokin. Kuma duk abin da aka ba ka amana, ko dabba ce, kulawar kullum ce ke raya shi. Ka tura wa wani labarin nan, musamman wanda ake ce masa ba zai iya ba.