Muryar da Sa'adiya Ta Ji a Wayar Inna

Akwai wata mata a unguwar Albarika ta Parakou, sunanta Mairo. Asalinta 'yar Djougou ce, daga zuriyar fataken goro, aure ne ya kawo ta Parakou. Mijinta Abdulbaƙi direban babbar mota ne, rabin wata yana gida, rabi yana kan hanya.

A unguwa an san Mairo da kamun kai. Ba ta ɗaga murya, ba ta dariya a tsakar gida. In ta yi murmushi ma sai ta sa bakin mayafi ta rufe.

Amma abu ɗaya ya daɗe yana ba 'ya'yanta mamaki. Kullum bayan la'asar sai ta ɗauki wayarta ta shige ɗaki ta turo ƙofa. Can sai su jiyo wani sauti kamar na mai danne dariya da matashin kai. In ta fito kuma fuskar nan a ɗaure, kamar ba ita ba.

Abin da take saurara a wayar, gurup ne na danginsu na Djougou, sunansa Gidan Goro. Yawancinsu ba masu rubutu ba ne, saƙon murya suke turawa, wanda suke kira vokal. Dokarsu ɗaya ce: ba a sa yara.

'Yarta ta fari, Halimatus Sa'adiya, ta sha tambaya.

“Inna, wai me ake faɗi a gurup ɗin nan naku?”

“Maganar manya ce. Ke, ɗauko min buta.”

Haka take kiranta, “ke”. Kunyar 'yar fari ta hana Mairo ambaton sunanta, balle ta yabe ta a gaban mutane. Sa'adiya ta taso da sanin al'ada ce. Duk da haka wani lokaci takan so a ce ko sau ɗaya ta ji abin da ke zuciyar mahaifiyarta.

Sa'adiya tela ce, tana ɗinki a wani shago a unguwar Titirou. A can Irfan ya fara ganinta, ranar da ya zo haɗa musu sola. Aikin na yini ɗaya ne, amma sai ya riƙa dawowa wai zai duba batir. Batirin nan ya sha dubawa, har mai shagon ta ce masa, “Malam, batir dai lafiyarsa ƙalau. In wani abu kake nema, gidansu na Albarika.”

Irfan ya je, ya gaida Abdulbaƙi, ya faɗi asalinsa. Shi ma ɗan Djougou ne. Mahaifinsa Moutari ya yi shekaru yana fataucin goro a Ghana, bai daɗe da dawowa gida ba.

Da Mairo ta ji sunan sai ta ce, “Moutari?” Ta juya baya tana gyara murfin tukunyar da ba ta buƙatar gyara. “To,” ta ce. Iyakar abin da Sa'adiya ta ji daga bakinta ke nan game da auren.

Aka yi magana, aka sa ranar da manyan Irfan za su zo daga Djougou neman aure. Sa'adiya ta fara ɗinka wa kanta riga a ɓoye, mai launin sararin sama, don Irfan ya taɓa cewa launin na yi mata kyau.

Wata rana da hantsi Mairo na kwaɓa fulawa, hannunta duk ƙullu, ta ce, “Ke, sa min wayar nan a caji.”

Sa'adiya ta ɗauka ta shiga ɗaki. Wayar a buɗe take a kan Gidan Goro, garin jona caji yatsanta ya taɓa wani vokal. Muryar wani dattijo ta fito, mai kauri, babu alamar wasa a cikinta.

“Mairo mai ƙona tuwo, Moutari ne. Na ji wai ɗana ya gano 'yarki. To ki sani, ba mu so. Ko kyauta aka ba mu ba mu so. Wa zai ɗauko 'yar mai ƙona tuwo ya kawo gidansa?”

Kafin ta motsa, na biye ya kama da kansa. Muryar Inna ce, tana dariyar da Sa'adiya ba ta taɓa ji ba.

“Ai ni ma na gaji da ita. In ba ku ɗauka ba, sai in ba mai goron bakin tasha.”

Sa'adiya ta kashe. Ta zauna a bakin gado.

Ga wayar a hannunta, ga maɓallin ɗaukar murya. Ta danna shi. Maganganu cike da bakinta, masu zafi, waɗanda da sun fita duk dangin Djougou za su ji. Ta buɗe baki, sai ta tuna wannan dattijon shi ya haifi Irfan, waccan mai dariyar kuma ita ta goye ta. Ta ja yatsanta gefe, ta soke. Ta jona cajin ta fito ta ci gaba da wanke kwanuka, kanta a ƙasa.

Da yamma Irfan ya biyo ta shago da babur. Ta fito ta tsaya nesa da shi.

“Ka ce wa manyanka kada su wahalar da kansu.”

“Wane irin wahala? Sa'adiya, me na yi?”

“Kai ba ka yi komai ba.”

“To wa ya yi? Ki dube ni mana.”

Ta ƙi dubansa. Sai da ya kashe babur ya ce ba zai bar wurin ba ko za a rufe shago a kansa, sannan ta faɗa masa abin da ta ji, kalma bayan kalma.

“Ba zan shiga gidan da ba a so na ba, Irfan. Kuma ba zan raba ka da mahaifinka ba. Ka yi masa biyayya.”

Irfan ma ba ya cikin gurup ɗin, dokar “ba yara” ta haɗa da shi. Ya koma gefe ya kira Djougou, ya gaida mahaifinsa, ya yi ta kewaye-kewaye kafin ya iya tambaya. Moutari ya mayar masa da tambaya.

“Yarinyar da kunnenta ta ji?”

“Da kunnenta, Baba.”

“Me ta mayar?”

“Ba ta mayar da martani ba. Cewa ta yi in bi umarninka.”

“Gobe ina Parakou,” in ji Moutari, ya kashe waya.

Washegari kafin azahar aka yi sallama a ƙofar gidan Abdulbaƙi, wanda ya dawo daga tafiya yana zaune a tabarma yana shan shayi. Wani dogon dattijo ya shigo da ƙunshin goro a hammata, Irfan na bayansa kamar wanda za a kai kotu. Sa'adiya na ɗaki, ta leƙo ta labule.

Dattijon ya tsaya a tsakar gida ya shaƙi iska.

“Ashe ban ɓata ba. Tun daga tasha nake bin ƙaurin tuwo. Ina mai ƙona tuwon gidan nan?”

Daga madafa wata murya ta amsa da ƙarfi.

“Wa ya bar ƙofa a buɗe, mai kunnen faranti ya shigo mana? Ka sunkuya, kada kunnen ya tsinke min igiyar shanya!”

Mairo ce. Ta fito da muciya a hannu, mayafi ya zame, tana dariya har da riƙe ciki. Abdulbaƙi ya kusa ƙwarewa da shayi. Ƙannen Sa'adiya suka tsaya baki buɗe suna kallon uwarsu kamar baƙuwa.

“Alhaji,” Moutari ya ce wa Abdulbaƙi, “Allah ya ba ka ladan haƙuri. Shekara da shekaru kana cin gawayi.”

“Shi ya sa ya fi ka ƙiba,” in ji Mairo. “Dube ka, kamar sandar rake da aka tsotse.”

Sai da suka gaji, sannan Moutari ya zauna ya ajiye goron. Fuskarsa ta canja.

“Mairo, mun yi ɓarna, ni da ke. Kira min yarinyar nan.”

Sa'adiya ta fito ta durƙusa. Idanunta sun kumbura. Dariyar Mairo ta ɗauke nan take.

“'Yata,” in ji Moutari, “kin san ko ni wane ne a wurin uwarki?”

Ta girgiza kai.

“Ubana da uwarta ciki ɗaya suka fito. Taubashiyata ce. Tun muna yawo ba takalmi nake zaginta tana zagina, kuma ranar da na daina, to ki tabbata an yi faɗa. A wurinmu in taubashi ya ce ba ya so, ya riga ya share ɗaki.”

“Na san wasan taubasai, Baba,” in ji Sa'adiya a hankali. “Amma ban san ku taubasai ba ne. Kuma ni ban taɓa jin Inna ta yi wasa da kowa ba. Da na ji ta ce ta gaji da ni, sai na ɗauka gaskiya ne.”

Mairo ta sunkuyar da kai tana murza bakin zane.

“Kin ji?” in ji Moutari. “Kin ɓoye mata dangi, kin ɓoye mata dariyarki, sai rabin magana ta tsinta. Ɗauko wayar nan. Daga inda ta tsaya za ki kunna.”

“Haba Moutari, a gaban yara?”

“A gabansu. Zagi muke yi na ashar? Gulmar wani muke yi? To me ake ɓoyewa?”

Abdulbaƙi ya ce, “Ɗauko, Mairo. Ni ma na daɗe ina son ji.”

Aka ajiye wayar a tsakiyar tabarma, kowa ya matso. Vokal ɗin da ke biye da wanda Sa'adiya ta kashe, muryar Moutari ce.

“Jama'ar Gidan Goro, ba mu so, amma na sa an yi wa ɗaki fenti. Ba mu so, amma goron da na ware wa zuwan nan ko gwamna ban sayar wa ba. Duk wanda ya riga ni zuwa Parakou neman yarinyar nan, ni da shi ne.”

Sai guɗar mata ta biyo baya, ɗaya bayan ɗaya. Wata gwaggo tana waƙa, wani kawu yana addu'a, wata tsohuwa tana ba da labarin yadda kakansu ya auro kakarsu a hanyar fatauci da goro ƙwarya guda. Sa'adiya ba ta taɓa jin labarin ba.

Can sai ga wani vokal na Mairo. Tana jin farkonsa ta miƙa hannu za ta kashe, Moutari ya janye wayar.

Muryar a sanyaye take, babu wasa.

“'Yan'uwa, ku taya ni addu'a. Yarinyar nan, kun san ba na iya faɗi a gabanta. Tun da na haife ta ba ta taɓa sa ni zubar da hawaye ba. Ranar da zazzaɓi ya kwantar da ni ita ta riƙe gidan. Tana ɗinka wata riga shuɗiya a ɓoye, tana zaton ban gani ba. Moutari, wasa a gefe, amanar idona zan ba ka.”

Mairo ta ja mayafi ta rufe fuska gaba ɗaya. Sa'adiya ta rarrafa ta kwantar da kai a cinyarta. Hannun Mairo ya fito daga cikin mayafin ya sauka a kan 'yarta, ya daɗe a wurin.

Irfan ya juya yana kallon bango, wai yana duba wayar lantarkin gidan.

“Ga shi nan,” in ji Moutari, “wai batir yake dubawa. Labarin ya iso Djougou, ɗana.”

Dariya ta sake ɓarkewa. Moutari ya kwance goro ya raba, ya ce wannan na ban haƙuri ne, na neman aure na nan tafe da manya a ranar da aka sa. Ya dubi Sa'adiya.

“Waya na hannunki, kin ji abin da kika ji, ba ki zagi tsoho ba. Da kin tura mana zafin ranki, da yau gyaran ya fi haka wuya. Irin ki nake so a gidana.”

A ranar aka soke dokar “ba yara”. Manya suka ware wani wuri daban don shawarwarin da suka shafe su kaɗai, Gidan Goro kuwa aka buɗe wa duk ɗan da ya yi hankali. A gidan Mairo, bayan la'asar wayar a tabarma take zama, ƙofar ɗaki a buɗe.

An ɗaura aure, amarya ta sa rigarta mai launin sararin sama. Bayan biki mutanen gurup suka matsa sai amarya ta yi magana. Sa'adiya ba za ta iya tsokanar surukinta ba, don haka ta danna maɓallin nan da ta taɓa sokewa, ta ce cikin ladabi:

“Ina gaida iyayena duka. Shaida kawai zan bayar. Tuwon Inna bai taɓa ƙonewa ba.”

Moutari ya amsa nan take: “Shi ke nan, na shigo da lauyan Mairo cikin gidana da hannuna!”

Vokal ɗin Mairo ya biyo baya. Babu kalma ko ɗaya a ciki, dariya ce zalla, kuma duk 'ya'yanta sun ji ta.

Darasi: Iyaye, in gurup ɗin da kuke ciki na alheri ne, ku bar 'ya'yanku su zauna kusa su saurara, su san danginsu, su san ku ma kuna dariya kuna ƙaunarsu. Abin da aka ɓoye wa yaro, wata rana rabinsa zai ji, kuma rabin magana na iya rusa abu mai kyau. In kuwa gurup ɗin ba ya jiyuwa a gaban 'ya'yanku, ku tambayi kanku me ya zaunar da ku a ciki. Ku kuma matasa, in ranku ya ɓaci, ku ɗaga yatsa daga maɓalli har sai kun ji sauran maganar. Ku tura wannan labari zuwa gurup ɗin danginku, wataƙila akwai wata Sa'adiya da ke jiran ta ji muryar Innarta.